Ku Tambayi Likita: Me Ya Kawo Tambayoyin Gida da na Zuciya a Ciwon Sukarin Yara?

Wasiƙun wannan fitowar duk sun taru a kan abu ɗaya: takardun tambayoyin da ake ba iyaye da yara bayan an gano yaro yana da ciwon sukari, da halin da gida kan shiga a watannin farko. Likitan yara, ma'aikaciyar jinya mai koyar da masu ciwon sukari da masanin halayyar yara ne suka haɗu suka amsa. Mun sakaya sunayen masu tambaya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Makonni 3 da suka wuce aka gano ɗana mai shekara 9 yana da ciwon sukari nau'i na ɗaya. Kafin a sallame mu daga asibiti wata ma'aikaciya ta zo da takarda tana tambayata su wa ke gidan, wa zai riƙa yi masa allura, ko ina samun barci, ko ni da mahaifinsa muna yawan saɓani, har da ko abinci yakan yanke mana. Gaskiya raina ya ɓaci. Suna zaton yaron ya sami taɓin hankali ne, ko mu suke zargi da jawo masa ciwon? Wata uwa

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba shi lafiya. Ki kwantar da hankalinki, babu ko ɗaya daga cikin biyun. Wannan ciwo yana samuwa ne idan garkuwar jiki ta juya kan ƙwayoyin da ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, ta lalata su. Shan zaƙi ba ya kawo shi, sakacin uwa ma haka. Tambayoyin kuwa kowane gida ake yi wa, kuma manyan ƙungiyoyin da ke tsara yadda ake kula da ciwon, wato ISPAD mai kula da ciwon sukarin yara da matasa a duniya da kuma Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka, duk sun ce a fara su tun lokacin da aka gano ciwon.

Dalilin a fili yake. Likita zai riƙa ganin yaron nan kamar sau ɗaya a wata 3. Sauran kwanakin duka a hannunku suke: allura 4 ko fiye a rana, gwajin jini a yatsa sau 6 zuwa 10 ga wanda ba ya amfani da na'urar da ake liƙawa a fata, auna abinci, tashin dare. Ashe ke nan a gida ake jinyar, kuma wanda zai rubuta tsarin magani dole ya san gidan da tsarin zai shiga.

Kowace tambaya da abin da take sauyawa. Idan abinci kan yanke wani lokaci, yaron da aka yi wa insulin na cin abinci alhali abincin bai samu ba sukarinsa zai faɗi, don haka likita zai ɗaura allurar a kan abin da aka ci da gaske. Idan yaron yana kwana gida biyu saboda iyaye sun rabu, a nan ake yawan samun allurar da aka yi sau biyu ko wadda ba a yi ba sam, kowa na zaton ɗayan ya yi, sai a tanadi littafi ɗaya da zai riƙa bin yaron. Idan mai kula da shi da rana ba ta saba da lissafi ba, a sauƙaƙa tsarin zuwa adadi tsayayye da jadawali mai launi. Idan tun kafin ciwon yaron yana da rashin natsuwa ko karatu na ba shi wuya, an san zai daɗe yana buƙatar babba a kansa. Tambayar barcinki kuma don ke ce: uwar da damuwa ta danne takan manta lokaci, takan rikita adadi, ba don ba ta son ɗanta ba.

Bayan an tattara amsoshin akan raba gidaje kashi uku. Mafi yawa koyarwa da ganin likita na yau da kullum sun ishe su. Wasu a ƙara musu kiran waya da dawowa asibiti da wuri. Kaɗan ne ake haɗawa da masanin halayya ko jami'in walwalar jama'a. Kina da ikon tambayar wa zai ga takardar, kuma kina iya cewa a bar wata tambaya sai wani lokaci. Sai dai shawararmu ita ce ki faɗi gaskiyar lamari, domin wanda ya ce komai lafiya alhali ba haka ba ne, tsarin da bai dace da gidansa ba za a ba shi.

Tambaya: 'Yata shekararta 7, wata ɗaya ke nan da gano ciwon. Ta koma fitsarin kwance bayan ta daɗe da dainawa, ba ta yarda mahaifiyarta ta matsa ko nan da can, kuma duk allura sai an yi kokawa. Wannan zai wuce ne, ko mu nemi likitan ƙwaƙwalwa? Wani uba

Amsa: Malam, mu fara da fitsarin, domin kafin a ce damuwa ce sai an duba sukari. Idan sukarin jini ya wuce kimanin 180 mg/dL, wato ma'aunin da na'urar gwaji ke nunawa, ƙoda takan fara zubar da shi a fitsari yana jan ruwa. Ku gwada ta lokacin kwanciya, da wajen ƙarfe 2 zuwa 3 na dare, da kuma asuba, dare uku a jere, ku kai wa likita. Idan lambobin suna sama, gyaran insulin na dare ake buƙata. Idan suna daidai, to komawa baya ce irin wadda yara kan yi bayan sun firgita, kuma ba a yi mata faɗa a kanta.

Maƙalewa uwa, kuka, fushi da ƙin wasa abu ne da aka daɗe da sani. Binciken da Maria Kovacs ta jagoranta a Pittsburgh ta Amurka a shekarun 1980 ya bi yara 'yan makaranta tun daga gano ciwon. Kusan ɗaya cikin uku sun shiga damuwar da ta kai a kira ta matsala, amma mafi yawansu sun warware kafin shekara ta zagayo. Abin lura shi ne waɗanda abin ya yi wa tsanani tun farko sun fi sauran haɗarin sake shiga matsala daga baya, shi ya sa ake rubuta sunansu a riƙa bibiya.

Abin da za ku duba shi ne inda abin ya dosa. Idan mako bayan mako yana sauƙi, ku yi haƙuri. Ku koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba ku ba idan ta shafe makonni 2 ba ta sha'awar komai, ko ta ƙi makaranta gaba ɗaya, ko tana mugun mafarki kullum a kan asibiti, ko tana cewa hukunta ta ake yi saboda wani laifi, ko kuma kokawar ta kai har ana tsallake allura. Yara masu irin shekarunta sukan ɗauka wani abu suka aikata, don haka ku faɗa mata ƙarara cewa ba laifinta ba ne, kuma allurar ba horo ba ce.

Ita kokawar, rabinta daga yadda ake yin allurar take. Ku haɗa komai inda ba ta gani, kada a ɗauki minti goma ana lallashi da alƙalamin allurar insulin a hannu, domin jiran ya fi tsinin tsoratarwa. Ku nemi tsini mai tsawon milimita 4, sabo kowane lokaci, saboda wanda aka maimaita yana dakushewa. Insulin mai sanyin firji ya fi zafi a jiki. Wanda aka fara amfani da shi yawanci yana iya zama a wuri mai inuwa a ɗaki har kwana 28, amma ku duba takardar da ke cikin kwalinsa. Idan an shafa sifirit a bari ya bushe. A ba ta zaɓi biyu na gaske, cinyar dama ko ta hagu, ta ƙirga da kanta ko ta hura iska, amma ba a tambayarta ko za a yi. A zaunar da ita a cinyar uwa a rungume ta, kada a danne ta a kwance. Bayan an tura maganin a ƙirga 10 kafin a zare. Kuma ku lura, yara sukan nace a wuri ɗaya don ya daina zafi, alhali wurin ya yi kumburin kitse ne, kuma insulin ba ya shiga jini daidai daga nan. Idan bayan makonni an gyara duk wannan tsoron bai ragu ba, masanin halayyar yara yana da hanyar sabawa da allura mataki-mataki, kuma tana aiki.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen yara. Ba mu da masanin halayya, kuma lokacin kowane mara lafiya kaɗan ne. An ce mu fara wannan tantancewa. Da me za mu fara, a wane shekaru, kuma me za mu yi da sakamakon? Wata nas

Amsa: Sista, tambayarki ta ƙarshe ita ce ta farko. Kafin ku buga takarda ko ɗaya, ku zauna ku rubuta a shafi guda: idan maki ya kai kaza wa za a kira, ina za a tura, kuma me za a yi a ranar idan yaro ya ce yana tunanin mutuwa. Tantancewar da ba a tanadar wa amsa ba, ta fi rashin yin ta muni, domin yaro ya buɗe cikinsa bai ga komai ba, gobe ba zai sake ba.

A lokacin gano ciwon hira da iyaye ta fi takarda amfani. Kada a yi ta ranar kwantarwa, lokacin da yaro ke kan ƙarin ruwa iyaye kuma ba sa cikin hayyacinsu. A bari sai ya farfaɗo, kafin sallama, minti 10 zuwa 15 a wurin da babu kunnen wasu. A tambayi masu kula da yaron a sa'o'i 24, makaranta, halinsa kafin ciwon, tarihin ciwon damuwa a gidan, yadda za a samu insulin da kayan gwaji da inda za a ajiye su. A kan abinci akwai tambayoyi biyu da aka saba: a watanni 12 da suka wuce kun taɓa fargabar abinci zai ƙare kafin a sami kuɗin sayen wani, kuma ya taɓa ƙarewa ɗin? "E" ga ko ɗaya ya isa a ɗauki mataki. Uwa da uba kowanne a yi masa PHQ-2, tambayoyi 2 a kan rashin sha'awa da ƙuncin rai a makonni 2 da suka wuce. Makinsa daga 0 zuwa 6 ne, wanda ya sami 3 ko fiye a ci gaba da PHQ-9, mai tambayoyi 9 a kan ciwon damuwa.

Ga yaran, shekaru ne ke raba aikin. Ƙananan yara, iyaye ne ke cike musu SDQ, takardar auna halayyar yara mai tambayoyi 25 a sassa 5. Sassa huɗu ake tarawa su ba da maki daga 0 zuwa 40, kuma a ta iyaye 14 zuwa 16 bakin iyaka ne, 17 zuwa sama na buƙatar a duba sosai. Daga shekara 11 yaro na iya cike tasa. Ƙa'idar Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka ita ce a fara tambayar yaro da kansa game da gajiya da takaicin ciwon daga shekara 7 ko 8, a fara duba matsalar cin abinci tsakanin 10 da 12, sannan daga kimanin 12 a riƙa ba shi lokaci shi kaɗai da ma'aikaci. Daga 12 ɗin kuma a yi PHQ-9 ta matasa aƙalla sau ɗaya a shekara: maki 0 zuwa 27, kuma 10 zuwa sama na buƙatar cikakken bincike. GAD-7 ta fargaba makinta 0 zuwa 21, ita ma 10 ce iyakar. DEPS-R ta cin abinci tambayoyi 16 ce, iyakarta 20. Idan duk wannan ya yi muku yawa, ku ɗauki WHO-5 ta Hukumar Lafiya ta Duniya: tambayoyi 5, jimilla 25, ƙasa da 13 a zurfafa. Gara takarda ɗaya da ake yi kullum da biyar da ake yi in an tuna.

Sai wuraren da ake tuntuɓe, kuma a nan muke so ki fi mai da hankali.

Na farko, a gwada sukari kafin a miƙa takarda. Yaron da sukarinsa ke ƙasa da 70 magani yake buƙata a lokacin. Wanda kuma ya shafe makonni sukarinsa na sama zai amsa "e" ga gajiya, rashin barci, sauyin cin abinci da rashin natsuwa, duka suna cikin PHQ-9, har maki ya kai 10 alhali zuciyarsa lafiya lau. Don haka kada a tsaya ga jimilla, a duba waɗanne tambayoyi ne suka kawo makin. Idan na ƙuncin rai, rashin sha'awa da ganin kai ba a bakin komai ba ne suka hau, wannan maganar daban ce. A tuna kuma cewa raunin tayirod, ƙwayar da ke gaban wuya, ya fi yawa a masu nau'i na ɗaya, kuma yana kawo kasala da sanyin jiki mai kama da ciwon damuwa. Gwajin jini ne ke raba gardama.

Na biyu, matashin da mahaifiyarsa ke leƙa takardarsa, sifiri zai cike daga sama har ƙasa. A fitar da iyaye cikin ladabi, a ce haka ake yi wa kowa. Kafin ya fara a faɗa masa iyakar sirri: abin da ya faɗa zai tsaya a nan, sai fa idan rayuwarsa ko ta wani na cikin haɗari.

Na uku, a tara maki kafin iyalin su bar asibiti. Tambaya ta 9 a PHQ-9 tana kan tunanin mutuwa ko cutar da kai, kuma duk amsar da ba sifiri ba a yi maganarta a ranar, ko da jimillar 3 ce. A tambaya kai tsaye: kana tunanin kashe kanka, ka tsara yadda za ka yi, ka taɓa gwadawa? Tambayar ba ta sa wa yaro tunanin da ba shi da shi. Abin da ya bambanta waɗannan yara da sauran shi ne abin da zai iya halaka su yana cikin jakarsu. Idan akwai haɗari, insulin ya koma hannun babba a kulle, kowace allura a gaban idonsa, kada a bar yaron shi kaɗai, kuma likita ya gan shi a ranar.

Na huɗu, wanda ba ya karatu a karanta masa kamar yadda aka rubuta, ba tare da "ai ba ka jin haka, ko?" ba. Idan za a yi amfani da fassara a nemi wadda aka riga aka gwada, domin iyakokin makin nan a kan ainihin kalmomin aka auna su. Kuma maki mai yawa ba ya nufin an tabbatar da ciwo, yana nufin a zauna a yi hira. Kada a rubuta wa yaro sunan ciwon ƙwaƙwalwa a fayil daga takarda kawai.

Tambaya: Tun da aka sallamo mu da yarona mai shekara 4 ban yi barcin kirki ba. Kusan kowace awa nakan tashi in gwada shi. Wani lokaci nakan rage masa insulin na dare don kada sukarin ya faɗi yana barci. Ban faɗa wa likita ba. Maman yaro

Amsa: Maman yaro, ki faɗa masa a zuwa na gaba, ko ma ki kira kafin nan. Ba zai yi miki faɗa ba, abin da ya saba ji ne. Wani bincike da aka yi a Zurich ta Suwizalan, aka wallafa a 2002, ya sami kusan ɗaya cikin huɗu na iyaye mata, da kusan haka na iyaye maza, da alamun firgicin da kan biyo bayan mummunan al'amari, makonni 6 bayan gano ciwon 'ya'yansu. Akwai ma takardar tambayoyi ta musamman a kan tsoron faɗuwar sukari, mai auna fargabar da kuma abin da fargabar ke sa iyaye yi.

Haɗarin ɓoyewar shi ne likita zai ga sukarin asuba a sama, ya ɗauka adadin da ya rubuta bai isa ba, ya ƙara. Ranar da wani ya yi allurar yadda aka rubuta, sai a sami faɗuwar da kike gudu. Wataƙila ma tsoronki na da tushe: 'yan makonni bayan fara magani ragowar ƙwayoyin insulin na yaro sukan ɗan farfaɗo, buƙatarsa ta ragu, wani lokaci zuwa ƙasa da rabin yunit ga kowane kilo a rana. Idan haka ne ragi ya dace, amma da lambobi a gaban likita.

Abin da ke rage tsoro shi ne sanin abin yi. Ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L, a ba shi gulukos giram 0.3 ga kowane kilo na nauyinsa. Yaro mai kilo 16 kusan giram 5 ke nan. A sake gwadawa bayan minti 15, in bai hau ba a maimaita. Idan ya suma ko yana jijjiga ba a sa masa komai a baki: a kwantar da shi a gefensa, a yi masa gulukagon, allurar da ke ɗaga sukarin jini cikin gaggawa, in akwai, miligiram 0.5 ga mai ƙasa da kilo 25, a tafi asibiti. Ki nemi a nuna miki yadda ake haɗa shi da hannunki. Gwajin dare yana da lokutansa: ranar da ya yi guje-guje fiye da kima, ranar da aka sauya adadi, lokacin rashin lafiya, ko idan ya kwanta sukarinsa na kusa da ƙasa. Ku yi yarjejeniya da likita a kan sau nawa, yawanci sau ɗaya wajen ƙarfe 2 zuwa 3. Sannan hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: a koya wa mutum na biyu komai, ku raba dararen. Idan duk da haka barci ya ƙi zuwa ko a daren da ba naki ba, ko hoton ranar asibiti na ta dawo miki, ke ma kina buƙatar a duba ki.

Tambaya: Ƙanwata shekararta 14, wata 8 da gano ciwon. Ta rame sosai kafin a gano, da aka fara insulin ta murmure har ta fara ƙorafin ƙiba. Yanzu ta sake ramewa. Littafin da take rubuta sakamakon gwajin sukarinta duk 110 zuwa 140 ne, amma gwajin HbA1c ya nuna 11. Mama ta ce ƙarya take yi, a ƙwace wayarta. Yayarta

Amsa: Lambobin biyu ba za su haɗu ba. HbA1c yana nuna matsakaicin sukari na wata 2 zuwa 3, kuma kashi 11 daidai yake da kusan 270 mg/dL, alhali abin da aka fi nema ƙasa da kashi 7 ne. Ƙarancin jini ko sikila suna iya karkatar da gwajin, likita zai duba, amma ramar ta goyi bayan gwajin. Akwai hanyoyi biyu na tabbatarwa ba tare da rigima ba. Na'urar gwaji tana ajiye lambobi da lokacinsu, a gwama da littafin. Alƙalamin insulin kuma yunit 300 yake ɗauka, mai amfani da 20 a rana daga cikinsa, da ɗan abin da ake fesarwa kafin allura, zai ƙarar da shi cikin kimanin makonni 2. Idan ya kai wata da saura, allurai na tsallakewa.

Dalilan tsallakewa da yawa: kunyar yin allura a gaban ƙawaye, tsoron faɗuwar sukari a aji, gajiya da ciwon, ko tausayin iyaye a kan tsadar magani. Amma ƙorafin ƙiba da sabuwar rama suna nuna abin da muka fi tsoro, wato rage insulin da gangan don a rame. Idan insulin ya yi kaɗan, sukari yakan fice a fitsari, jiki ya koma cin kitsensa da tsokarsa, yana tara gubar da ake kira kiton. Ramar takan zo da sauri, haka ma haɗarin: doguwar suma a kusa, lalacewar ido da ƙoda da jijiyoyi tun da ƙuruciya. Yarinya ba ta san cewa yawancin nauyin da ta ƙara ruwa da tsokar da ciwon ya cinye ne suka dawo ba, kuma da an faɗa mata haka tun ranar farko da abin ya zo da sauƙi.

Yau ɗin nan a gwada kiton. Idan a jini ya kai 1.5 mmol/L a kira likita nan take. Idan ya kai 3, ko tana amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi ko yawan gyangyaɗi, asibiti kai tsaye. In babu wannan, a nemi ganin likita cikin makon, a faɗa masa zargin kafin su shiga, a bar shi ya gan ta ita kaɗai. A nan ne DEPS-R da PHQ-9 suke aiki.

Ki roƙi Mama ta bar maganar waya da kalmar ƙarya. Yaran da ake yi wa faɗa a kan lamba sukan koyi rubuta lambar da za ta hana faɗa. A daina cewa sukari ya yi kyau ko ya ɓaci, a ce yana sama ko yana ƙasa. A daina zancen jikinta, yabo ne ko zolaya. Babba ya dawo yana zama da ita lokacin allura, musamman allurar insulin mai dogon aiki, wadda ita ke tare kiton, a matsayin taimako. Kuma kada a yi ƙoƙarin sauko da sukarin cikin 'yan kwanaki: likita zai ƙara a hankali, zai kuma gargaɗe ta cewa ƙafafu na iya ɗan kumbura na ɗan lokaci, domin wannan kumburin ne kan sa yarinya ta sake daina allura.

Tambaya: Mun cike takardun nan lokacin da aka gano ciwon ɗanmu, aka ce ba mu da matsala. Bayan wata 6 an sake ba mu. Ba a yarda da amsarmu ta farko ba ne? Mahaifin yaro

Amsa: An yarda, Malam, lokacin ne ya sauya. A watannin farko kowa na taimakawa, jikin yaron ma yana samar da ɗan insulin nasa. Idan wannan ya ƙare sukari yakan fara hawa da sauka duk da ba ku sauya komai ba, masu taimako sun koma harkokinsu, yaron kuma ya gane abin ba mai wucewa ba ne. Shi ya sa ake maimaitawa aƙalla sau ɗaya a shekara, da kuma duk lokacin da HbA1c ya hau babu dalili, ko aka sake kwantar da yaro saboda kiton, ko aka fara fashin zuwa asibiti, ko ya sauya makaranta, ko ya fara balaga, ko aka yi rasuwa ko rabuwa a gida. Wannan karon ku ba da labarin 'yan uwansa ma: wa ke kishi, wa ke tsoron shi ma zai kamu, da wanda aka ɗora wa gadin ɗan'uwansa alhali shi ma yaro ne.